Wa Zai Biya? Sharhi Kan Sababbin Kamfanonin Ƙirƙirarriyar Basira Na Indiya

A watan Yunin 2023, a wani taro da jaridar Economic Times ta shirya a birnin Delhi, Rajan Anandan, tsohon shugaban Google a Indiya wanda ya koma harkar zuba jari, ya tambayi shugaban OpenAI, Sam Altman, ko wasu haziƙan injiniyoyi uku da ke riƙe da dala miliyan 10 za su iya gina abin a zo a gani a fagen ƙirƙirarriyar basira. Altman ya amsa cewa babu wani fata na yin gogayya da kamfaninsa wajen horar da manyan injina irin wanda ke bayan ChatGPT, ko da yake ya ƙara da cewa aikinsu ne su gwada duk da haka. Maganar ta yi wa Indiyawa zafi ƙwarai, har shugaban kamfanin Tech Mahindra na lokacin, CP Gurnani, ya fito ya ce sun karɓi ƙalubalen. Daga baya Altman ya ce an yanke maganarsa ne daga mahallinta, amma ta riga ta fita.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a Janairun 2025, kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya fitar da injinsa R1, wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da na Amurka, bayan ya ce zagayen ƙarshe na horar da injin da aka ɗora shi a kai bai kai dala miliyan 6 ba. Nan take muhawara ta sake tashi a Indiya: in Sin ta iya, me ya hana ƙasar da ta haifi shugabannin Google da Microsoft? Nandan Nilekani, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin fasahar sadarwa na Infosys kuma tsohon jagoran shirin katin shaidar mazauna ƙasar na Aadhaar, ya daɗe yana cewa a bar wa manyan kamfanonin Amurka wahalar gina manyan injina, Indiya ta mayar da hankali kan amfani da su wajen warware matsalolinta. Aravind Srinivas, ɗan birnin Chennai da ke cikin waɗanda suka kafa Perplexity, kamfanin manhajar bincike da amsa tambayoyi, a Amurka, ya fito fili ya ce Nilekani ya yi kuskure a nan. Duk wanda ke son ya gane waɗanne kamfanonin Indiya ne suka cancanci a sa musu ido, to daga wannan saɓani ya kamata ya fara, domin kusan kowane ɗayansu ya zaɓi ɓangare, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Jarin da ake magana a kai ba shi da yawa idan aka kwatanta. Rahoton shekara-shekara na Jami'ar Stanford ya nuna cewa a 2024 masu zuba jari masu zaman kansu sun sa kusan dala biliyan 109 a harkar a Amurka, alhali abin da ya shiga Indiya bai wuce dala biliyan 1 da ɗoriya ba. Abin da ƙasar ke kashewa kan bincike gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinta ba. Sai dai tana da abubuwan da kuɗi ba su saya cikin dare ɗaya. Tana da mutum sama da biliyan 1.4, da datar waya mai arha tun da kamfanin layin waya na Jio ya shigo kasuwa a 2016 ya karya farashi, da tsarin biyan kuɗi ta waya na UPI wanda mai sayar da shayi a bakin titi ma ke karɓar kuɗinsa da shi. Tana kuma da harsuna 22 da tsarin mulki ya lissafa, ban da cewa ƙidayar 2011 ta samu harsuna 121 da kowannensu ke da masu magana da shi aƙalla 10,000, kuma waɗanda suka ce suna jin Turanci ba su fi kusan kashi 10 cikin 100 ba. Kasuwa ce mai ɗimbin jama'a, amma jama'ar da ba ta saba biyan kuɗin manhaja duk wata ba. Saboda haka ma'aunin da nake ganin ya fi dacewa da kowane kamfani a nan tambayoyi biyu ne: wa ke biyansa kuɗi yau, kuma shin abin da yake sayarwa wani ƙaton kamfani daga Amurka zai iya raba shi kyauta gobe?

Sunan da ya fi kowane fitowa shi ne Sarvam AI, wanda aka kafa a Bengaluru a 2023. Mutum biyun da suka kafa shi ba baƙi ba ne a wannan fage. Vivek Raghavan ya shafe shekaru yana aiki a kan ɓangaren tantance yatsu da idanu na Aadhaar, shi kuwa Pratyush Kumar yana cikin waɗanda suka kafa AI4Bharat, cibiyar binciken harsunan Indiya da ke kwalejin fasaha ta IIT Madras. A Disambar 2023, kamfanin bai cika shekara ba, ya tara dala miliyan 41 daga Lightspeed da Peak XV da Khosla Ventures, kuma Peak XV ɗin nan ne inda Rajan Anandan, mai waccan tambayar, yake aiki.

Matsalar da Sarvam ya fara kamawa tana buƙatar ɗan bayani, domin ita ce asalin dalilin da ya sa ake ganin kamfanin gida yana da wurin tsayawa. Injin harshe ba ya karanta rubutu kalma-kalma yadda mutum ke yi. Yana daddatsa shi ne zuwa gutsattsari da masu sana'ar ke kira tokin, kuma da yawan tokin ake lissafa kuɗin aiki da lokacin da amsa ke ɗauka. Tun da mafi yawan rubutun da aka horar da injinan Amurka da shi Turanci ne, kalmar Turanci takan tashi a tokin ɗaya ko ɗaya da rabi, amma kalma ɗaya ta Hindi ko Tamil ko Telugu, da haruffansu na daban, takan daddatsu kashi huɗu har zuwa takwas a tsofaffin injinan. Ma'ana, wanda ya yi tambaya da harshen uwarsa yana biyan ninkin abin da mai Turanci ke biya, sannan ya sami amsa mafi rauni. Mai rubuta Hausa da ƙ da ɗ da ɓ ya san ɗanɗanon wannan, domin injinan sukan tsinka kalma a daidai waɗannan haruffa. Injin Sarvam-1, wanda aka fitar a Oktoban 2024 don harsunan Indiya 10, ya sauko da lissafin zuwa tsakanin tokin 1.4 da 2.1 a kowace kalma, bisa alƙaluman kamfanin. Ƙaramin inji ne, mai paramita biliyan 2 kacal, wato adadin lambobin da na'ura ke daidaitawa yayin koyo, waɗanda da su ake auna girman inji, amma ƙanƙantarsa ce ta sa gudanar da shi ke da arha.

Abu na biyu da kamfanin ya fahimta shi ne cewa talakan Indiya ba ya son bugawa, magana yake so. Rubuta Hindi ko Malayalam a allon waya wahala ce, mutane da yawa kuma karatunsu bai yi nisa ba, don haka saƙon murya ya fi musu sauƙi, kamar dai yadda lamarin yake a zaurukan WhatsApp na ƙasar Hausa. A Agustan 2024 Sarvam ya fitar da wakilan murya, wato manhajar da ke kiran mutum a waya ko ta amsa kiransa, ta yi hira da shi da harshensa, a kan rupi 1 kowane minti. Ka ɗauki bankin bayar da ƙananan rance da ke da masu bashi dubu ɗari biyar a warwatse a ƙauyuka. Kowane wata sai an tuna wa kowa ranar biya, an saurari uzurinsa, an rubuta ranar da ya yi alkawari. Manomin da aka kira zai fara da Hindi, ya jefa kalmar Turanci ta banki a tsakiya, ya juya ya yi wa yaro tsawa da karin harshen ƙauyensu, babur na wucewa a bayansa, sannan ya dawo ya ce sai bayan ya sayar da alkama. Injin da ya iya tsintar ranar biya daga cikin wannan hayaniya, ta layin waya maras kyau, yana da abin sayarwa, kuma bankin yana da dalilin biya, domin ya san nawa ma'aikacin da ke wannan kira ke ci masa.

Gwamnati ta shigo ne ta shirin IndiaAI Mission, wanda majalisar ministoci ta amince da shi a Maris 2024 da kasafin sama da rupi biliyan 103 na shekara biyar. Kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi ne wajen samar da na'urorin lissafi na GPU, waɗanda da su ake horar da yawancin injina, a ba masu bincike da ƙananan kamfanoni haya da rangwame. A Afrilun 2025, wata uku bayan girgizar DeepSeek, ministan fasahar sadarwa Ashwini Vaishnaw ya sanar da cewa Sarvam ne kamfani na farko da aka zaɓa ya gina wa ƙasar babban injin kanta daga tushe, aka kuma ware masa GPU 4,096 samfurin H100 na Nvidia na tsawon wata shida. Wata guda bayan haka aka ƙara da Soket AI da Gnani.ai da Gan AI. A daidai wannan lokaci ne kamfanin ya sha suka mafi zafi, domin ya fitar da Sarvam-M, injin da ya gina a kan na kamfanin Mistral na Faransa, kuma a kwanakin farko mutane ƙalilan ne suka sauke shi, har wani mai zuba jari a Amurka ɗan asalin Indiya ya yi masa ba'a a fili. A ganina sukar ta yi gaggawa, tun da yawan masu saukewa cikin kwana biyu ba ya nuna ingancin inji, amma tambayar da ke ƙarƙashinta tana nan daram: wa ke jiran wannan kaya? A taron ƙoli na ƙirƙirarriyar basira da aka yi a Delhi a Fabrairun 2026, Sarvam ya gabatar da injina biyu da ya horar da kansa, mai paramita biliyan 30 da mai biliyan 105, abin da ya rufe bakin masu cewa kwaskwarima kawai ya iya. Abin da bai rufe ba shi ne batun ciniki. Kamfanin da babban abokin hulɗarsa gwamnati ce yana da rumfa mai inuwa, sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma buƙatun ma'aikatu ba kullum suke tafiya da buƙatun kasuwa ba.

Krutrim ya bi wata hanyar, kuma labarinsa ya fi zama gargaɗi. Bhavish Aggarwal, mai kamfanin tasi na Ola da na baburan lantarki na Ola Electric, ya ƙaddamar da shi a Disambar 2023, sunan kuma daga Sanskrit yake, ma'anarsa abin da aka ƙirƙira. A Janairun 2024 ya karɓi dala miliyan 50 a kan ƙimar dala biliyan 1, ya zama kamfanin ƙirƙirarriyar basira na farko a Indiya da ya kai wannan matsayi tun yana jariri. Da aka buɗe manhajar ga jama'a a wata na gaba, sai mutane suka riƙa yaɗa hotunan amsoshinta na kuskure, har da inda ta ce OpenAI ne ya ƙirƙire ta, abin da kamfanin ya ɗora wa gurɓatattun bayanan horo. Maimakon ya tsaya ya gyara abu ɗaya, sai alkawura suka yi ta ƙaruwa: rumbun kwamfutoci na haya, taswirar da za ta maye gurbin ta Google, har da ƙera ƙwaƙwalwar na'ura ta kansa. A 2025 jaridun ƙasar sun ba da rahoton sallamar ma'aikata da dama, musamman masana harsuna, da ficewar wasu manyan jami'ai. Ba na cewa kamfanin ya gama yawo, domin mai shi yana da kuɗi da taurin kai, amma wanda ya ɗauki tulu huɗu a kai ɗaya, kallonsa ake yi don a ga wanne zai fara faɗuwa.

Idan aka bar masu injin harshe aka shiga asibiti, a nan ne nake ganin kamfanin da ya fi kowane amsa tambayoyin nan biyu. Qure.ai an kafa shi ne a Mumbai a 2016, shekara shida kafin duniya ta ji sunan ChatGPT, a ƙarƙashin inuwar kamfanin nazarin bayanai na Fractal, kuma Prashant Warier da likita Pooja Rao ne suka jagorance shi. Babbar manhajarsa, qXR, hoton ƙirji take karantawa. Indiya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu tarin fuka a duniya, kuma ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne likitan karanta hoto ɗaya ga mutum 100,000, yawancinsu ma a manyan birane. Firaminista Narendra Modi ya yi alkawari a 2018 cewa za a kawar da cutar nan da 2025, wa'adin ya zo ya wuce tana nan.

Yadda aikin ke gudana a fili shi ne abin sha'awa. Ma'aikatan lafiya biyu ko uku za su isa ƙauye da na'urar ɗaukar hoto ƙarama da ke shiga jaka, mai aiki da batir. Mutum zai tsaya ya manna ƙirjinsa da faranti, ya ja numfashi ya riƙe, a ɗauka. Kafin ya gama mayar da rigarsa, ƙasa da minti ɗaya, hoton ya fito a allon kwamfuta da maki, an kuma zagaye wurin da manhajar ke zargi a huhu. Idan makin ya haura iyakar da aka sa, a nan take za a miƙa masa ɗan kwano ya ba da majina a kai gwaji, maimakon a ce ya dawo bayan mako biyu lokacin da likitan birni ya duba hoton, wanda sau da yawa ba ya dawowa. Manhajar ba ta yanke hukuncin cewa mutum yana da cutar, gwajin majina ne ke yin wannan. Aikinta tacewa ne, ta ware mutum goma da suka cancanci gwaji mai tsada daga cikin ɗari, kuma takan kama waɗanda ba su fara tari ba, waɗanda tambayar alamomi kaɗai za ta bari su wuce. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan manhaja a madadin mutum wajen tace masu shekara 15 zuwa sama, kuma qXR na cikin guda uku da aka auna kafin yanke shawarar. An yi aiki da ita a arewa maso gabashin Najeriya ma, a gangamin neman masu cutar a cikin al'ummomin da asibiti ya yi wa nisa.

Dalilin da ya sa nake fifita wannan kamfani ba tausayi ba ne. Abin da ya tara ba a kwafe shi da sauƙi: miliyoyin hotuna da likitoci suka yi wa alama, da izinin hukumar kula da magunguna ta Amurka ga manhajojinsa da dama, ciki har da qER mai duba hoton kai don gano zubar jini, da kuma yarda ta asibitoci, wadda sai an shekara ana gina ta. Masu biya kuma sanannu ne, wato gwamnatoci, da ƙungiyoyin yaƙi da tarin fuka, da asibitocin Ingila da Amurka, da kamfanin magani na AstraZeneca da ke haɗa kai da shi wajen gano sankarar huhu da wuri. A Satumbar 2024 ya tara ƙarin dala miliyan 65. Rauninsa shi ne wani ɓangare na cinikin ya dogara da kuɗin tallafin lafiya na duniya, wanda ya girgiza sosai a 2025 bayan da Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, ga kuma abokan gogayya masu ƙarfi irin su Lunit na Koriya ta Kudu da Delft na Holan.

Kusa da shi akwai Niramai na Bengaluru, wanda Geetha Manjunath da Nidhi Mathur suka kafa a 2016, kuma ya gano wani abu da injiniyan da ke zaune a Kalifoniya ba lallai ya yi tunaninsa ba: mata da yawa suna guje wa gwajin sankarar mama ne saboda kunya. A tsarinsa, mace za ta shiga wani ɗan ɗaki ita kaɗai, kyamarar da ke auna zafin jiki ta ɗauki hoto daga ɗan nesa, ba mai ganinta, ba mai taɓa ta, sannan manhaja ta nazarci bambancin zafi a ƙirjin. Dole a faɗi cewa likitoci da yawa ba su yarda hoton zafi ya maye gurbin gwajin da aka saba ba, kuma hukumar Amurka ta sha yin gargaɗi a kan haka, don haka darajar Niramai tana wurin da babu komai, inda zaɓin da mace ke da shi shi ne wannan gwajin ko kuma zama har ciwo ya bayyana.

Harkar murya da amsa kiran abokan ciniki ita ce inda kuɗi suka fi gudana, kuma a nan ne tambayar wane ne kamfanin Indiya take rikicewa. Uniphore ya fara ne a Chennai a 2008, a ƙarƙashin IIT Madras, da manufar ba mutanen karkara damar samun bayanai ta waya da harsunansu. A 2022 ya tara dala miliyan 400 a kan ƙimar dala biliyan 2.5, amma a lokacin hedikwatarsa tana Palo Alto a Amurka, abokan cinikinsa kuma manyan kamfanonin duniya ne. Yellow.ai ma, wanda ya tashi a Bengaluru a 2016, ya mayar da babban ofishinsa Kalifoniya. Haptik kuwa Reliance Jio ya saye mafi yawan hannun jarinsa tun 2019. Tsarin ya zama kamar al'ada: injiniyoyi a Bengaluru, rajista da masu saye a Amurka, domin kwangila ɗaya da bankin Amurka ta fi goma na gida kawo kuɗi. Shi ya sa Gnani.ai, wanda tsofaffin injiniyoyin Texas Instruments biyu suka kafa a 2016, ya cancanci kulawa, tun da ya zauna a gida yana yi wa bankuna da kamfanonin inshora na Indiya aiki da harsunan ƙasar. Akwai kuma ɗaci a cikin nasarar waɗannan kamfanoni, domin aikin da suke sarrafawa da na'ura shi ne aikin da ya ciyar da ɗimbin matasan Indiya shekara ashirin da suka wuce. Masana'antar fasahar sadarwa da ta amsa kira tana ɗauke da sama da mutum miliyan 5, kuma lokacin da TCS, babban kamfanin fannin, ya sanar a Yulin 2025 cewa zai rage ma'aikata kusan 12,000, ya ce ba na'ura ce ta jawo ba, amma mutane ƙalilan ne suka kwanta da kwanciyar hankali.

Duk waɗannan injinan murya da wani abu ake ciyar da su, kuma a nan Karya ya shigo. Manu Chopra da Vivek Seshadri ne suka kafa shi a 2021, daga wani bincike da suka fara a cibiyar Microsoft da ke Bengaluru. Matar da ke ƙauye a jihar Karnataka za ta buɗe manhaja a wayarta bayan ta gama aikin gida, jimla ta fito da harshen Kannada, ta karanta da ƙarfi, ta danna, wata ta fito. Ana biyanta abin da ya kai dala 5 a awa, wanda ya ninka mafi ƙarancin albashi sau da yawa, kuma duk lokacin da aka sake sayar da muryoyin ga wani kamfani ana ƙara mata wani kaso. Wannan ya fito fili ne a 2023, shekarar da aka bankaɗo cewa ma'aikatan Kenya da suka tace wa ChatGPT munanan rubuce-rubuce ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Karya ba zai taɓa zama ƙaton kamfani ba, ba ma don haka aka gina shi ba, amma Microsoft da Google da Gidauniyar Gates sun sayi aikinsa, kuma ya nuna cewa harshen da intanet ta yi wa ƙarancin rubutu kadara ne a bakin masu shi.

A noma, Cropin na Bengaluru, wanda Krishna Kumar ya kafa tun 2010, yana haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan yanayi da na gona don hasashen amfanin gona da ɓarkewar cuta, kuma ya daɗe da gane cewa ƙaramin manomi ba zai biya ba, don haka kamfanonin iri da na abinci da bankuna da hukumomin raya ƙasa yake sayar wa. Masu hayar GPU irin su Yotta da Neysa na Mumbai su ma ciniki na gabansu muddin ana wannan rububi, sai dai kayan da suke haya daga Nvidia suke saye, kuma farashinsa da izinin fitar da shi duk a hannun Amurka suke.

Mai sa ido ya kamata ya riƙe labarin Builder.ai a zuciya. Kamfanin a Landan yake da rajista, amma yawancin aikinsa a Indiya ake yi, ya kuma yi tallar cewa ƙirƙirarriyar basira ta mayar da gina manhaja abu mai sauƙi kamar sayen abinci. Microsoft da asusun zuba jari na Katar sun sa kuɗi a ciki, ƙimarsa ta haura dala biliyan 1, ko da yake tun 2019 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton cewa injiniyoyi 'yan'adam ne ke yin mafi yawan aikin. A Mayun 2025 ya durƙushe, bayan da aka gano cewa alƙaluman cinikin da ya nuna wa masu ba shi bashi sun zarce gaskiya nesa ba kusa ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Barazanar da ta fi kowace girma kuwa daga waje ta zo, kuma da fuskar kyauta. Indiya ce kasuwa ta biyu mafi yawan masu amfani da ChatGPT bayan Amurka. A Yulin 2025 Airtel ya ba masu layinsa su miliyan 360 Perplexity Pro kyauta na shekara ɗaya. A Agusta OpenAI ya fito da ChatGPT Go a kan rupi 399 a wata, sannan daga Nuwamba ya mayar da shi kyauta na shekara guda, Google kuma ya haɗa kai da Jio ya ba da Gemini Pro kyauta na wata 18. Sababbin injinan waɗannan kamfanoni sun kuma inganta ƙwarai a Hindi da Tamil da Bengali, har ratar tokin da aka yi bayani a sama ta ragu. Duk kamfanin gida da shirinsa shi ne ya sayar wa ɗalibi ko ma'aikaci manhajar hira, to an riga an share masa kasuwa kafin ya shimfiɗa tabarma. Waɗanda abin bai taɓa kai tsaye ba su ne masu abin da ba a saukewa daga waya: izinin hukumar lafiya, kwangilar banki da ke buƙatar bayanan mutane su zauna cikin ƙasar, ko dubban awoyin muryar ƙauye da aka naɗa gida-gida.

Hanyar tantancewa tana nan a buɗe ga mai haƙuri. Shekarar kuɗi a Indiya tana ƙarewa ne ranar 31 ga Maris, kuma doka ta wajabta wa kamfanonin da ke da rajista a ƙasar su miƙa lissafinsu ga Ma'aikatar Harkokin Kamfanoni, inda 'yan jaridar kasuwanci ke zaƙulo shi bayan wasu watanni. A can ake ganin abin da abokan ciniki suka biya a gefe ɗaya, da abin da aka ƙona a ɗaya gefen, kuma sau da yawa kamfanin da ya fi cika jaridu cinikinsa bai kai na wanda ke karanta hoton huhu a ɓoye ba. Shugaban Qure.ai ya faɗa a farkon 2025 cewa suna shirin shiga kasuwar hannun jari cikin shekara biyu, kuma duk ranar da hakan ta tabbata, sai kamfanin ya ajiye wa SEBI, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jarin Indiya, takardar da ke bayyana nawa yake samu daga Amurka, nawa daga gwamnatoci, nawa kuma daga tallafin da ke iya tsayawa.